Ni na raba mahaifina da kiran sallah

A shekarun da wannan abu ya faru, ni matashi ne mai injin casar shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Na ɗan taɓa boko, kasuwa ta buɗe mini, har aka sa ni a kwamitin masallacin unguwarmu, inda nake zama da sa'o'in mahaifina ina gyara musu zance. Mahaifin nawa kuwa shi ne ladanin masallacin tun kafin a haife ni. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Na saya masa har guda biyu, ya jefa su a akwati, yana cewa Wanda ya ɗora masa aikin Shi ke tashinsa. Gaskiyarsa ce kuwa, domin masu agogon ma da kiransa suke saita nasu. Da kiran assalatunsa manoman rani ke shirin fita ban ruwa, da shi mata masu turara shinkafa ke hura wuta.

Matsalar ta faro ne daga ƙunar ƙirji. Baba ya riƙa kukan zafi a ƙahon zuciya, ni kuma maimakon in kai shi asibiti sai na tsaya a kemis, na bayyana yadda yake ji, aka ce gyambon ciki ne, aka ba ni wasu ƙwayoyi da ake sha da safe kafin karin kumallo. Ya sha, ya ji daɗi. Shi ke nan na mayar da su kamar goro, in sun kusa ƙarewa in sayo wasu, har kusan shekara huɗu ba wanda ya duba shi. Ban tsaya nan ba. Na ji ana cewa mai gyambon ciki ba ya cin wake, ba ya cin gyaɗa, ba ya shan fura, sai na kafa wa matata doka a kan kwanon Baba. Tuwon dawa ma na ce ya yi masa tauri. Aka koma ba shi tuwon shinkafar da injina ya goge ta yi fari tas, da shayi da burodi, da taliya, dusar kuma ana zuba wa raguna. Wani lokaci yakan ce yana marmarin kwaɗon zogale ko ɗan dame, in ce masa ya yi haƙuri, lafiyarsa nake tattali. Har alfahari nake a majalisa cewa mahaifina ba ya cin abin da ke wahalar da ciki.

Sannu a hankali Baba ya fara canjawa. Sharaɓarsa takan ɗaure har sai an murza masa, hannunsa ya soma rawa in ya ɗauki buta, fatar idonsa tana harbawa. Wanda ya fi damuna shi ne barcinsa da ya juye. Da dare idonsa biyu, da hantsi kuma sai ka same shi a zaure yana gyangyaɗi da carbi a hannu. Mutumin da bai taɓa kuskure ba ya fara makara, wata rana kuma ya riga lokaci. Mutane suka fara ƙus-ƙus, samari suna zolayata wai agogon gidanmu batirinsa ya yi sanyi. Ina dariya tare da su, amma abin yana ba ni haushi. Ban taɓa tunanin ciwo ba ne. Na yanke hukunci cewa tsufa ne da taurin kai.

Cikin azumi ne abin ya kai maƙura. Wata rana ya tashi ya kira sallar asuba alhali da sauran lokaci mai tsawo, mutane suka ajiye kwanukan sahur, wasu ko ruwa ba su kai ga sha ba, ga shi ana tsakiyar ɗiban tumatir a rana mai zafi. Da gari ya waye ba wanda ya ce a cire shi. Malam Liman cewa ya yi a haɗa shi da wani ya riƙa taimaka masa da duba lokaci. Ni ne, ɗan cikinsa, na ce ba za a yi haka ba, gara a sauya shi gaba ɗaya, don kada a ce ina kare nawa. Na same shi a zaure tare da abokansa biyu, na ce masa ya huta haka nan, ya daina ja mana abin faɗa. Sai ya laluba aljihu ya zaro makullin ɗakin lasifika ya miƙo mini, ya ce to, Allah Ya yi mini albarka. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi a yau.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan makonni ya yanke jiki ya faɗi wajen alwala, jikinsa yana karkarwa. Muka kai shi wani asibiti a Kano. Likitar da ta duba shi, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta sa aka auna jininsa, ta kuma ce in kawo duk maganin da yake sha. Da ta ga ƙwayoyin ta ji tsawon lokacin da ya yi a kansu, sai ta tambayi abin da yake ci. Ina lissafa mata ina jin muryata tana raguwa. Ta ce wani sinadari da ake kira magnesiyam ya yi ƙasa ƙwarai a jikinsa. Irin wannan magani in an daɗe ana sha yakan hana hanji tsotsarsa, kuma wake, gyaɗa, ganye da hatsin da ba a goge ba, waɗanda na hana shi, su ne gidansa. Ta bayyana mini cewa ƙwayoyin halittar jikinmu suna da nasu agogo, kuma masu bincike sun gano yawan wannan sinadari a cikinsu yana hawa yana sauka tsakanin dare da rana, yana taimaka musu sanin lokacin aiki da na hutu. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ya birkita barcin Baba ba, shekaru ma suna da rabonsu, amma ɗaurewar jijiya da rawar hannu da ruɗewar nan duk alamu ne da ya kamata a ce an kawo shi tuntuni. Na fita baranda na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

An yi masa ƙarin ruwa da magani, aka sauya masa ƙwayoyin, ya koma cin cimarsa ta da. Cikin wata biyu barcinsa ya daidaita. Mahaifiyata ta gaya mini cewa ya koma tashi daidai lokacinsa, ya yi alwala ya zauna a kan buzu, leɓɓansa suna motsi, har sai sabon ladan ya kira. Na garzaya wurin Malam Liman, ya ce shi da ma bai so ba, a mayar wa Baba da aikinsa. Amma Baba ya ƙi. Ya ce sabon ladanin ya riga ya saba da ladan da yake samu, kuma shi ya san zafin a karɓe wa mutum wannan aiki, ba zai so a ɗanɗana wa wani ba. Na durƙusa zan nemi gafara, ya riga ni, ya ce ai ya yafe tun a zaure. Bai ƙara kiran sallah ba har Allah Ya karɓi abinsa da damina ta zagayo.

Na san kwana idan ya ƙare ba makawa, ba na jayayya da ƙaddara. Abin da ke cin raina shi ne na fi jin kunyar mutane a kan tausayin mahaifina. Don haka nake roƙon masu karatu, idan tsohonku ya fara sauya hali, barcinsa ya rikice, kada ku yi saurin cewa tsufa ne, ku kai shi a duba. Kada ku ɗora kowa a kan maganin kemis shekara da shekaru, kada ku hana shi abincinsa saboda jita-jita, kuma kada ku je ku sayo wannan sinadari da kanku, likitar ta ce ga mai ciwon ƙoda yana iya zama illa. Sama da komai, ku kiyaye harshenku a kan iyaye lokacin da suka gaza. Nawa ya yafe mini tun kafin in roƙa, kuma wannan yafiyar ce har yau ta hana ni sakat.