Kunya Ta Ci, Mai Kunyar Ba Ya Nan

Sanarwa daga fadar Sarkin Dankalin Ƙasar Daura da kewaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina Zango da lodi a bayan babur aka kira ni: kakana Malam Haladu ya rasu.

Ko ciwon kirki bai yi ba.

Bara dankalinmu na gefen fadama ya ruɓe a ƙasa. Ka tono shi, ciki baƙi, yana wari. Tsohon ya ce laifina ne, don na kawo tarakta ta baje wurin, ruwa ya kwanta, cutar ƙasa ta samu wurin zama. Na ce ai tsufa ne ya kama irin dankalin nasa.

Bana muka raba gonar biyu. Ni na shuka a baje. Shi ya sa garma ya ɗaga kunya har kusan gwiwa, ya kwashe ruɓaɓɓen bara ya ƙone. Muka yi sharaɗi: wanda ya sha ƙasa zai durƙusa a majalisa ya kira ɗan'uwansa Sarkin Dankali.

Sau nawa nake kiransa da baƙuwar lamba, in maƙe murya, in ce daga Abuja ne, an hana ɗaga kunya a gona. Sai ya ce, "To ranka ya daɗe. In ka gama, ja'iri, ga dafaffe na ajiye maka."

Kuma da gaske ya ajiye, har da ƙuli.

Ganinmu na ƙarshe ran Juma'a ne, yana zaune a kan kunyarsa yana cire ciyawa. Ya ce, "Kada ka tona sai ina wurin, abokina. Fuskarka nake son gani."

Da muka dawo daga maƙabarta ƙafata ta kai ni gonar. Na tona nawa, rabi ya ruɓe. Na tona nasa, manya, jajaye, ko tabo babu.

Na juya in ce sa'a ce kawai, babu wanda zan gaya wa.

Allah ya jiƙanka, Tsoho, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Wanda ya karanta ya taya mu addu'a, ko Ƙulhuwa ce.

Kuma ku yafe mini kan sanarwar. Babu wata fada. Ni ne Sani mai babur, jikansa. Sarkin Dankali shi ne muka rufe ɗazu, ban samu na durƙusa na faɗa masa ba.