Ranar da Malam Ya Ɗaure Kifin Mai Tafki

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu ta Setapak, ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu goma sha ɗaya a motoci uku. Ni ne sakataren ƙungiya, saboda haka ni aka ɗora wa allon awo, da takardar sunaye, da ɗan kofin da muka saya don wanda zai ci gasa. Sauran kowa da sandar fatsarsa da hularsa ta rana, ana ta cika baki tun kafin a ta da mota.

Bari in faɗi yadda aka yi, don waɗanda ba su san mu ba. Mu ɗalibai ne 'yan arewa da muke karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kuma son kamun kifi da fatsa ne ya haɗa mu. Da farko mu uku ne, muna zama bakin wani tafki da yamma don mu huce haushin karatu. Da muka yi yawa sai muka ce mu kafa ƙungiya, mu riƙa shirya gasa kamar yadda 'yan ƙasar suke yi. Wata takwas na yi ina neman tafkin da za a ba mu. Duk wanda na kira, magana tana tafiya lafiya lau har sai ya tambayi ƙasarmu, daga nan kuma sai ka ji wurin ya cika har ƙarshen shekara. A ƙarshe wani abokin karatuna ɗan ƙasar, wanda muke ɗakin bincike ɗaya da shi, ya tsaya mana wajen kawunsa mai tafki a wajen Rawang. Tsohon ya yarda da gwaji ɗaya, da sharaɗi ɗaya. Duk kifin da aka kama a auna shi, a ɗauke shi hoto, a mayar da shi ruwa nan take da ransa. Abokina ya gaya min cewa kawun ya taɓa korar wata ƙungiya gaba ɗaya saboda kifi guda da aka ɓoye a kula. Ke nan idan muka yi kuskure mun rasa tafki, shi kuma abokina ya ji kunya a gaban kawunsa saboda mu.

Hanyar ba ta da wahala. Mun bi babban titi da ya nufi arewa, dogayen benaye suna raguwa a bayanmu, har muka shiga gonakin kwakwar manja da aka jera layi-layi, ba ka ganin ƙarshensu. A wurin biyan kuɗin hanya motar gaba ta tsaya cak, katinsu ba ko sisi, sai da muka miƙa musu namu ta taga, na baya suna ta danna mana hon. A Rawang muka karya a shagon mamak, wato irin shagunan abinci na Musulmi 'yan asalin Indiya. Roti canai, wata irin gurasarsu mai laushi, ringgit biyu a kuɗinsu, shayin da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa ringgit biyu da rabi. Wani daga cikinmu ya ci roti huɗu, ya ce ƙarfin jan kifi yake tarawa. Shi ne daga baya bai kama ko ɗan tsako ba.

A shagon nan ne na yi kuskuren da ya kusa kai mu ƙasa. Akwai dattijonmu da muke kira Malam, mutumin Yawuri, malamin jami'a da ya zo yin digiri na uku bayan ya haura hamsin. Gidansu gidan masunta ne, kakansa Sarkin Ruwa ne, kuma a cikin kwale-kwale ya yi wayo. Sati biyu kawai da shigarsa ƙungiya. Dokokin gasa na rubuta su a guruf ɗinmu na waya, doguwar takarda mai lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, kuma na sani sarai Malam ba ya karanta saƙon da ya wuce layi uku. Na zauna kusa da shi da niyyar in gaya masa baki da baki. Sai ya fara ba ni labarin giwan ruwan da suka kama da mahaifinsa yana yaro, wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga. To ta yaya ni, ɗan cikin birnin Kano da na koyi ɗaura ƙugiya a bidiyon waya, zan dubi jikan Sarkin Ruwa in ce ga yadda ake yi da kifi? Nauyinsa ya hana ni. Na ce a raina ai wani zai gaya masa. Ashe kowa abin da ya ce a ransa ke nan.

Tafkin tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, kore shar, ga ciyayi da busassun itatuwa a gefensa. Mai wurin ɗan siririn tsoho ne, da zane a ƙugu da takalmin roba, ba ya yawan magana. Abokina ya riga mu isa, yana tsaye kusa da shi. Muka gaishe da tsohon da Pak Cik, kamar yadda ake kiran manya a nan. Ya bi ƙugiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar an danne ƙayarsu yadda ba za su yaga bakin kifi ba, sannan ya gyaɗa kai ya koma rumfarsa. Kifin da ake nema shi Turawa suke kira pikok bas, mu kuma muka raɗa masa kifin dawisu, saboda tabon da ke jelarsa mai kama da ido. Jikinsa ruwan ɗorawa da kore, da baƙaƙen zane a gefe. Ba a ba shi tana. Kifin roba ake jefa masa a riƙa ja, shi kuma da yake mafaɗaci ne sai ya kawo bugu.

Ƙarfe bakwai da rabi na busa usur, kowa ya kama gefensa. Malam bai tsaya inda muka taru ba. Ya dubi ruwan na ɗan lokaci, ya dubi inda rana take fitowa, sai ya saɓa sandarsa ya nufi can ƙarshen tafki, inda wata bishiya ta faɗa ruwa. Ni na zauna a rumfa ina karɓar hotuna a waya ina rubuta tsawo. Hotuna suka yi ta shigowa, yawanci kifin bai wuce tafin hannu da rabi ba, amma mai shi ya miƙo shi dab da kyamara har ya rufe fuskarsa. Wani ya kama tsohon takalmi, ya nemi a auna masa. Zafi ya taso, irin zafin nan na Malesiya mai jiƙa riga kana zaune. Har sha ɗaya da rabi babu hoto ko ɗaya daga Malam. Na ji tausayinsa ma, na ce yau ruwan baƙunta ya ba jikan Sarkin Ruwa kunya.

Sha biyu na busa usur na tashi. Kowa ya dawo ban da shi, sai na taka na je kiransa. Na same shi zaune a inuwa, ya naɗe sandarsa, yana jan carbi hankali kwance. Kusa da ƙafarsa akwai wata igiya ɗaure a saiwar bishiya, ɗaya bakin ya nutse cikin ruwa, kuma igiyar tana motsi.

"Sakatare, zo ka ga ikon Allah," in ji shi.

Ya jawo igiyar a hankali. Kifin da ya biyo ta ya kai tsawon hannuna tun daga gwiwar hannu har ya wuce yatsu, mai ƙaton ƙullutu a goshi. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto. Igiyar ta bi ta ƙasan leɓensa, kuma ya fara kwantawa a gefe ɗaya saboda gajiya.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun wajen tara. Na mai tafki ne. A wurinmu ba a shiga ruwan mutum a tafi da babban kifi, shi ake kai wa. Na ɗaure shi ne don ya isa hannunsa da rai."

Bawan Allahn nan girmamawa ya nufa, ita ce kuma za ta kore mu. Na ce masa ai doka ta ce a saki kifi nan take, kuma saboda irin wannan aka kori waɗanda suka riga mu. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ka san da haka tun a shagon shayi?"

"Na sani, Malam."

"Da ka faɗa min, cinye ka zan yi?"

Sai muka ji ƙarar babur. Pak Cik ne ya ga mun daɗe, ya ɗauko abokina a baya suka biyo sawu. Tsohon ya sauka, ya dubi igiya, ya dubi kifi. Abokina kuwa fuskarsa ta canza, ya ce min a hankali wannan kifin shi ne babban namijin tafkin, kawun ya san shi, shekara da shekaru ana kama shi ana saki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam bai tsaya ba da haƙuri ba. Ya miƙa min wayarsa da carbi, ya shiga ruwan da kayansa har ƙugu. Ya kwance igiyar da ja ɗaya, ya tallafi kifin da hannu biyu a ƙarƙashin ciki, ya kai shi inda wani ɗan magudanar ruwa yake zubowa cikin tafkin, ya fuskantar da kansa ga ruwan mai sanyi. Idan ya ɗan sassauta hannu sai kifin ya karkace, sai ya sake miƙar da shi. Sauran 'yan ƙungiya suka iso suka jeru a bakin ruwa. Ni dai duk addu'ar da na iya sai da na karanta, kuma ban taɓa zaton zan roƙa wa kifi lafiya ba, ni da na saba roƙon ya faɗo tukunya. Ban duba agogo ba, amma ƙafata ta yi sanyi don tsayuwa. Can sai jelar ta motsa. Ta sake motsawa. Sai kifin ya yi wani irin bugu da ya watsa wa Malam ruwa a fuska, ya fizge ya nutse, muka ga inuwarsa ta miƙe zuwa ƙarƙashin bishiyar. Wata ajiyar zuciya da na yi, na kusa da ni sai da ya waiwayo.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun safe. Na roƙi abokina ya fassara wa kawunsa cewa laifin nawa ne, ni ne ban sanar da dattijon doka ba, kuma ya ɗaure kifin ne don ya kawo masa kyauta bisa al'adar garinsu. Pak Cik ya saurara har ƙarshe. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya murza ta a yatsu, ya ce Malam ya sake yin ƙullin ya gani. Malam ya yi, yana ɗigar ruwa. Tsohon ya kwance, ya sake ƙullawa da kansa daidai yadda Malam ya yi. Abokina ya ce wai haka mahaifin kawun yake ɗaure kifi a kogin ƙauyensu, kuma rabonsa da ganin ƙullin tun rasuwarsa. Duk da haka bai sassauta doka ba. Ya ce a soke sunan Malam daga gasar yau, kuma daga yanzu a riƙa karanta dokoki da baki a gabansa kafin a jefa ƙugiya. Na tambaya ko hakan yana nufin akwai wani zuwan. Ya hau babur ɗinsa, ya ce, "Boleh lah." Duk wanda ya yi wata guda a ƙasar nan ya san ma'anarta an yarda.

Kofin ya tafi hannun wani ɗan Gombe da kifinsa bai kai rabin na Malam ba, kuma tun daga nan ba mu huta da labari ba. Muka yi azahar a ɗan masallacin ƙauyen, Malam sanye da zanen da Pak Cik ya ara masa. Muka ci shinkafa da soyayyar kaza da yajin nan nasu mai zaƙi a wata rumfa ta bakin hanya, ringgit takwas kowane faranti. A nan 'yan ƙungiya suka naɗa Malam Sarkin Ruwanmu, da sharaɗin shi zai riƙa karanta dokoki. Ya ce ya karɓa, amma a gajarta su zuwa layi uku.

A dawowa cunkoso ya riƙe mu wajen Batu Caves kusan awa guda, ga ruwan la'asar da ya sauko kamar da bakin ƙwarya, amma ko a jikina. Ina zaune a bayan mota ina tunanin cewa wata takwas na yi ina tsoron kada masu tafki su ƙi mu saboda ƙasarmu, ashe abin da ya kusa rusa mu yana cikin bakina, magana ɗaya da na ji nauyin faɗa wa babba. Kunya tarbiyya ce, ban musa ba. Amma wanda aka ba amanar shirya abu, idan ya ɓoye wa dattijo doka don kada ya ɓata masa rai, bai girmama shi ba, ya tura shi ne ya ji kunya a gaban jama'a.

Da muka shigo Setapak na tsaya a kasuwa na sayi tarwaɗa biyu, don na tuna ashe akwai mutum na biyu da ban gaya wa doka ba. Tun daga matakala na jiyo ƙamshin attaruhu da citta. Maiɗakina ta riga ta jajjaga kayan farfesu, tukunya tana kan wuta. Ta buɗe ledar, ta ga tarwaɗa da takardar farashi manne a jiki, ta dube ni.

"Ina kifin gasar?"

Na cire takalmi na zauna, na ce, "Alhamdu lillahi, yana can da ransa."