Tsagar Kakan Malama

Sana'ata albasa ce da wake. Da dako na fara a kasuwar Ƙonni, buhu a ka, har Allah ya sa na yi rumfa tawa, daga baya na sayi kamyo biyu, manyan motocin kaya, masu zuwa Abijan da Kwatano. Lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi na gudu. Faransancin da nake ji a hanya na koye shi, a bakin jandarmomi da ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, shi ya sa ba shi da ado, amma yana isar da saƙo. Shi ne ya jawo mini wannan aiki.

Ina da ɗan ƙanen uba da ke koyar da tarihi a jami'a a Yamai. Wata shekara, bayan an gama cire albasa, ya kira ni a waya ya ce yana da baƙuwa daga Brazil, malamar jami'a ce kamarsa, tana bukatar mota da mutumin da ya san ƙauyuka na kwana biyar.

Na ce, "Brazil ta ƴan ƙwallo?"

Ya ce, "Ita fa, Yaya. Amma wannan ba ƙwallo ya kawo ta ba."

Da ta sauko daga bas sai na ga baƙar mace doguwa, ta kai shekara hamsin, furfura ta fara fito mata. Matata ta ba ta zane da mayafi, ta ɗaura. In dai ba ta buɗe baki ba, babu wanda zai ce ba ƴar Adar ba ce. A gida kowa Malama yake ce mata.

Aikinta, yadda ta bayyana mini, shi ne bin unguwannin baƙaƙen mutane na ƙasarsu, jikokin waɗanda aka kai bauta ta teku, tana tambayar tsofaffi abin da suka riƙe na asalinsu: abinci, waƙa, sunan kaka, yadda ake yi wa mamaci. Ta ce a jiharsu har akwai wani abinci da ake kira shinkafar Hausawa, ana dafa ta da madarar kwakwa da busasshen nama. Na fassara wa matata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Kwakwa cikin shinkafa? Lallai bayin Allah sun daɗe da barin gida."

Wannan tafiyar kuma ba ta jami'a kaɗai ba ce. Malama ta fito da kwafin wata tsohuwar takarda ta rabon gadon wani mai gonar rake. An jera shanu, an jera tukwane, an jera mutane. Cikinsu akwai wani da aka rubuta Bahaushe ne, yana da gajerun tsaga uku a gefen kowane ido. Danginta sun ce daga gare shi suka fito. Ta sa wani mai zane ya zana fuska da tsagar yadda takarda ta faɗa. Ɗan'uwana ne ya ba ta shawarar ta fara da ƙasarmu, don yaƙe-yaƙen wancan zamani sun kwashi mutane da yawa daga nan. Uwarta kuma, tsohuwa ce ta haura tamanin, da za ta taso ta ce mata abu ɗaya take so: sunan garin.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. A nan fuska ita ce takardar haihuwa.

Alela muka fara zuwa, don ina sayen wake a can kuma na san maigari. Aka tara dattawa a rumfar bakin masallaci. Na miƙe na yi bayani da kyau, na ce ga baiwar Allah ta ƙetaro teku, kwana biyu tana cikin jirgi, tana neman dangin kakanta da aka raba da gida. Sannan na miƙa zanen. Wani tsoho da idonsa ya yi rauni ya riƙe shi nesa da fuska, ya matso da shi, ya sake nesantawa.

Ya ce, "Wanga namu na."

Ya ba da labarin wani ƙanen kakan kakansa da ya fita neman jakin da ya ɓace, har yau bai komo ba. Malama ta kunna na'urarta ta ɗaukar magana, tana rubutu tana share hawaye. Aka yanka kaza, aka dama fura, mata suka zo suna taɓa hannunta suna cewa ga hancin gidan wane. Ni kuwa ina jin daɗi a raina, aikin kwana biyar na gama shi kafin la'asar.

A mota ta ce mini a aikinsu baki ɗaya ba ya isa, sai an ji na biyu. Washegari na kai ta Malbaza wurin wani dattijo da ya yi gadi a masana'antar siminti har ya yi ritaya, mutumin da aka sani da riƙe asalin gidaje. Muka zauna a ƙofar gidansa, motocin siminti na wucewa, sai mu yi shiru su wuce mu ci gaba. Na sake yin bayanina kamar na jiya, har na ƙara gishiri. Na kuma gaya masa abin da aka ce a Alela.

Ya ce, "Mutanen Alela? Mi sunka sani ban da wake? Wanga maƙeri na, daga gidanmu. An kama shi kan hanyar kasuwa da gatura guda huɗu."

Shi zabo ya yanka.

Da muka koma Ƙonni labari ya riga mu isa. Maƙwabcina mai sayar da kayan babur, wanda na san uban ubansa daga Najeriya ya zo, yana tsaye a ƙofar gidana ya ce a nuna masa zanen. Ko daƙiƙa bai yi ba ya ce ai wannan tsagar gidansu ce. Na dubi fuskarsa, sumul take kamar ƙwai.

Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "To kai kaɗai za ka ci baƙuwa? Mu ma muna son dangi a Brazil."

Nan hankalina ya dawo jikina. Na tuna fuskokin dattawan Alela da na Malbaza, babu ko ɗaya da na ga irin wannan tsagar a kansa, kuma ban tambaya ba. Shekara talatin ina sayen albasa, ban taɓa tambayar manomi ko albasarsa za ta yi ajiya ya ce mini a'a ba. Mutanen nan ba kwaɗayi ya sa su ba, babu wanda ya nemi ko dala, su ne ma suka yi asarar kaji. Abin shi ne a wurinmu baƙon da ya zo daga nesa yana neman danginsa ba a ce masa ban sani ba. Kunya ce. Kuma laifin nawa ne, ni na fara ba su labarin teku da hawaye kafin in nuna zanen. Bayan wannan bayani ko hoton tunkiya na miƙa sai an samo mata kaka.

Da yamma Malama ta same ni a tsakar gida da waya a hannu. Ta ce uwarta ta kira sau biyu. "Alhaji, wanne zan faɗa mata, Alela ko Malbaza?"

Na ce ta ba ni kwana ɗaya, kada ta faɗi ko ɗaya.

Matata ƴar Tajaye ce, kuma a can akwai wani tsohon sarkin aska, shi ya yi wa ƴaƴana askin suna. Wanzami shi ke yin tsaga, saboda haka shi ya kamata mu fara nema tun farko. Na tafi ni kaɗai ranar kasuwa, ban ce ina da baƙuwa ba. Na zauna kan tabarmarsa na cire hula.

Ya ce, "A'a, sarkin albasa! Wanzaman birni sun mutu ne, ko ƙaurinka ya kore su?"

Na ce, "Baba, su da inji suke yi. Na zo inda ake yanka mutum da hannu."

Na bari sai da ya ɗauke aska daga maƙogwarona, sannan na ciro zanen daga aljihu kamar abin da ba shi da muhimmanci. Na ce wani ne ya ba ni, muna gardama a kan ko tsagar wane gari ce.

Ya goge hannu, ya duba sau ɗaya.

"Wa ya ce maka ta gari ce?"

"To ta mece ce?"

"Wagga ba tsagar gado ba ce, tsagar magani ce. Yaro in ya yi ciwon ido, ko ciwon kai ya matsa mai, nan aka sa mai aska, uku nan uku nan, a fid da jini. Daga nan har Kano babu wanzamin da bai san ta ba. Ni da hannuna na yi wadda ba ni iya ƙirgawa."

Na ce, "Baba, ko kaɗan ba ta nuna gari?"

Ya ce, "Fuskar ba ta faɗi ba, ni zan faɗi? Abin da nika iya ce maka, ba Bagobiri ba ne. Tasu daga baki har kunne take, ko makaho ya shafa ya san ta, mai rubutu ba ya tsallake ta. Saura kuwa sai Allah."

Tsohuwar da ke jiran waya ta faɗo mini a rai, fuskata ta canza. Ya lura. Ya ce in gaya masa gaskiya wane ne wannan. Na gaya masa duka, har da kaza da zabo. Ya yi dariya har sai da ya yi tari, sannan ya sake ɗaukar zanen, wannan karon ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "To ka gaya mata abin da na sani. Wanga yaro ya yi ciwo yana ƙarami. Uwa tai ta goya shi ta kai shi wurin wanzami, ta zamna ta matse kanshi tsakanin gwiwoyinta, yana kuka tana kau da kai. Haka suka yi har yau. Ta biya da hatsi ko da kaza. Wagga kam na rantse a kanta."

Washegari da safe na kira Malama rumfata, aka kawo shayi. Ni ba na iya zagaye-zagaye. Na ce mata Alela ba gaskiya ba ce, Malbaza ba gaskiya ba ce, maƙwabcina kuwa ko magana ba a yi, kuma ni na jawo da bakina. Na faɗa mata abin da wanzami ya ce, kalma bayan kalma. Ta ajiye kofi, ta daɗe tana kallon buhunan albasa. Na ɗauka fushi za ta yi. Sai ta ce, "Na ci kazar mutane a banza ke nan?" Muka yi ta dariya, ita tana yi tana goge ido.

Sauran kwanakin a Tajaye ta yi su, zaune gaban tsohon, yana zana mata tsaga iri-iri a ƙasa da tsinke tana kwafa a littafi. Ta gargaɗe ni kada in ƙara gabatar da ita da labarin teku. Ta kuma ce sai mun koma Alela, don tana so ta ji dalilin da ya sa suka karɓe ta, wai shi ma yana cikin binciken. Da muka je na ji nauyin fassara wannan tambaya, amma na fassara. Tsohon nan mai raunin ido bai ji kunya ba ko kaɗan.

Ya ce, "Ɗiyata, kin taho tun daga bayan teku in ce maki ban sani ba? Kuma zancen mai jaki gaskiya na. Mu an ɓace muna da mutum, ke kina neman mutum. Mi ya rage?"

Ta rubuta wannan ma, a shafi dabam.

Ranar da za ta koma Yamai, bayan azahar, ta kira uwarta a tsakar gidana. Ba na jin harshensu, amma na ji inda ta ce babu gari, don muryar tsohuwar ta yanke. Malama ta ci gaba da magana a hankali, tana nuna gefen idonta da yatsa kamar uwar na ganinta. Can sai ta rufe wayar da tafin hannu ta juyo wurina.

"Tana tambaya, wai idon ya warke?"

Na ce ta ba ni takardar rabon gadon. Ba na iya karanta ta, sai na tambaye ta ko a jerin akwai waɗanda aka rubuta aibinsu. Ta duba ta ce akwai, wani gurgu, wata mai ciwon ƙirji, wani da ya rasa yatsa. Na ce shi fa? Ta ce shi tsagar kawai aka rubuta.

Na ce, "To gaya mata ya warke sarai. Wanda ya rubuta wannan takarda kaya yake yi wa kuɗi, Allah ya isa, kuma mai yi wa kaya kuɗi ba ya mance aibi. Da idon na da wani abu da kin gan shi a nan."

Ta faɗa mata. Daga inda nake zaune na ji tsohuwar ta yi wata ƙara, sannan ta fashe da dariya, tana kiran mutanen gidanta su zo su ji.