Kiran Gwaggo Daga Asibitin Madina

Shekarar da gwaggona, ƙanwar babanmu, ta tashi zuwa Umara, duk Tudun Kaya sai da aka san da tafiyar. Mai tuyar ƙuli-ƙuli ce, ko Kano sau biyu ta taɓa zuwa. Ni na raka ta ɗaukar hoton fasfo, mai hoto ya yi ta fama da ita ta daina dariya, ta kasa. Tare suka tafi da aminiyarta ta Rogo Sabon Gari, wadda suka yi shekara da shekaru suna zama rumfa ɗaya a kasuwa.

Kullum bayan la'asar sai ta kira wayata, mu taru a tsakar gida har da maƙwabta. Ta ba mu labarin yadda ta fashe da kuka da ta ga Ka'aba, da matattakalar da ke tafiya da kanta, wadda ta ƙi hawa sai da aminiyarta ta ja ta. Muna jin aminiyar a gefe tana ƙaryata ta, mu kuwa dariya har da riƙe ciki.

Ranar da suka hau motar ziyara zuwa Madina ba ta kira ba. Washegari yayana ya shigo da labarin cewa tayar wata babbar mota ta fashe a wannan hanya, motar ta kife, an rasa rayuka, kuma akwai mutanenmu a ciki. Lambar jagoransu ba ta shiga. Kwana biyu ana ɗora tukunya a gidanmu, ana sauke ta yadda take.

A rana ta uku da hantsi, baƙuwar lamba ta kira ni. Wata mata ta yi Larabci, ban gane ba, sai na ji muryar da na sani.

"Ni ce. Hannu ne kawai ya karye. Ka gaya wa Yaya ina nan da raina."

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na keta gonaki biyu a guje na iske babanmu yana cirar gyaɗa. Ya yar da fartanya ya yi sujada a kan kunyar gona, ya ɗago goshinsa duk ƙasa, yana dariya yana hawaye. Kafin mu koma gida har mata sun fara guɗa.

Da yamma ta sake kira, ta ce a dakata da guɗar. Aminiyarta, wadda ke zaune kusa da taga, ta rasu, an kuma yi mata sutura a can.

Bayan sati uku muka cika mota biyu zuwa filin jirgin Kano. Gwaggo ta fito da hannun dama rataye a wuya, ta rame, muka yi kanta gaba ɗaya. Amma ta ce wa direba Rogo za a fara zuwa. Can ta miƙa wa 'ya'yan marigayiyar jakar uwarsu, ta zauna ta gaya musu komai, har da abin da suka ci da safen ranar.

Sai la'asar muka isa Tudun Kaya. Mutane sun tare hanya tun daga bakin masallaci, dole ta sauka ta ƙarasa gida a ƙafa, tana miƙa hannun hagu tana ba da haƙuri.