Ranar da aka ɓoye mu a gonar masara

Shekarun baya can, ina aji huɗu a wata firamare kusa da Ƙarfi, ajinmu kashi biyu ne. 'Ya'yan masu hali iyayensu kan sa kafinta ya yi musu benci, su zauna gaba. Mu sauran kowa da buhun takinsa, mu shimfiɗa a baya muna leƙen allo ta tsakanin kawunan mutane. Abin da na kwafa daga allo ni kaina ba na iya karanta shi.

Mahaifina ya duba littafina ya girgiza kai. Ya ce, "Boko a ƙasa kamar shanyar barkono? In an kai kaka haka, ka dawo gona." Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba, don ina son makarantar nan ƙwarai.

Ana nan sai aka ce baƙi za su zo daga birni duba makarantu. Da safe hedimasta ya sa aka yi shara, sannan ya shigo ajinmu ya ce, "Masu buhu, ku tashi. Ku shiga masarar bayan makaranta, kada in ji ko tarin wani."

A wajenmu ba a nuna wa baƙo rashi, wannan kowa ya sani. Amma ni a lokacin na ɗauka korarmu aka yi. Na tsuguna cikin kunya, ganyen masara na yankana. Abokina ya raɗa mini, "Kai, in Babana ya ji fa?" Hawaye kawai nake sharewa da bakin riga, ni da ke cika baki wai ba na kuka.

Bayan motar ta tafi aka kira mu. Malaminmu na tsaye bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da mu. Ashe baƙin sun zo ne neman makarantun da yara ke zama a ƙasa, don a raba musu benci. Sun ga kowa a kan benci, suka yaba, suka wuce gaba.

Ni dai Allah ya taimake ni, kawuna ya roƙi mahaifina aka bar ni. Abokina kuwa kakar nan ta tafi da shi gona, bai dawo ba. Ban riƙe hedimasta a zuciya ba, mutunci ya so ya kare. Amma har yau in 'yata ta ce an yi baƙi a makarantarsu, sai na tambaye ta, "Su wa aka ce su fita?"