Goro a Robobi Bakwai: Jinjina ga Malam Ɗayyabu

Ƙarfe bakwai saura kwata za ka ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar asibiti. Malam Ɗayyabu zai kafe shi a gindin dalbejiya, ya gaisa da maigadi har da tambayar gona, sannan ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Ya zura farar rigar aiki, ya wangale tagogi, ya yaye ƙyallen da ke rufe da madubin duba ƙwayoyin cuta. Daga nan sai jini, sai fitsari, sai kaki, har la'asar. Kullum daga Ikara yake tasowa zuwa wannan ƙaramin asibiti na ƙasar Makarfi, damina da rani. Shekara talatin da biyar ke nan, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki.

Marasa lafiya sun san sunan likita, sun san na nas. Shi kuwa "mai ɗibar jini" kawai suke ce masa.

Yana da wata ɗabi'a da abokan aiki suka daɗe suna tsokanarsa a kai. Duk robar kaki ko fitsari da aka kawo masa, kafin ya yi mata komai sai ya ɗaga ta wajen taga, ya juya ta, ya ƙura mata ido. Hajo, dattijuwar da ke taimaka wa nas-nas a ɗakin mata, in ta leƙo takan ce, "Malam, sai ka ce mai sayen zuma a kasuwa. Kaki ne fa!" Shi kuma ya ce, "Hajo, je ki, ana kiranki."

Wannan ɗabi'ar ce ta sa na ɗauki biro. Hajo ta ba ni labarin, Dakta Farida kuma ta tabbatar mini da shi da bakinta.

Shekara huɗu da suka wuce, Dakta Farida ta jagoranci masu bincike daga wata jami'a. Abin da suke son sani shi ne: a gidajen da wani ya taɓa yin tarin tibi, mutum nawa ne suka ɗauka ba su sani ba? Suka kawo sabuwar na'ura mai gwada kaki, suka ɗauki Malam Ɗayyabu ya riƙa karɓar robobi, yana gwadawa, yana sa hannu a sakamako. Tsarinsu mai sauƙi ne. A rubuta sunan kowa a jikin roba, a damƙa wa maigida, kowa ya yi kaki da safe a cikin tasa, maigida ya dawo da su. Gidan da aka samu ba kowa da cutar, an rufe takardarsa, ba a sake komawa.

Ranar wata Laraba aka kawo robobi bakwai daga gidan Baba Tanko na Gubuchi, wanda ɗansa Bilya ya gama shan maganin tarin bara. Na'ura ta gwada, ta ce babu, sau bakwai. Saura sa hannu.

Malam Ɗayyabu ya ƙi sawa.

Dakta Farida ta same shi ya jera robobin a bakin taga. Ranar Juma'a za ta tura rahoto, lokaci ya ƙure mata.

"Malam, lafiya? Na'ura ta ce ba su da shi."

"Ranki ya daɗe, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Wanda ta gwada ba shi da shi. Sai dai mutum ɗaya ta gwada sau bakwai."

"Ban gane ba."

Ya ɗaga roba guda. "Dubi jan nan. Tukar goro ce. Ga ta a wannan, ga ta a wannan, har ta bakwai, kauri ɗaya, launi ɗaya. Wannan sunan yarinya ne 'yar shekara tara. Wannan na Sadiya ne, matar Bilya, mai goyo. Wane gida ne kowa da kowa ke tashi da goro a baki kafin karin kumallo?"

Dakta ta ce wannan zato ne, ba a dakatar da bincike a kan zato. Ya ce haka ne, amma in ya sa hannu an rufe gidan ke nan, in akwai mai cutar a ciki ba wanda zai sake waiwayarsa. Ta ba shi kwana ɗaya.

Washegari da sanyin safiya suka isa Gubuchi, shi a kan mashin ɗinsa, Hajo a bayan ɗan acaɓa, don Malam namiji ne, ba zai wuce zaure ba. Suka tarar da Baba Tanko a kan buzu, goro a kunci. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi rake, aka tambayi ruwa. Ana cikin haka sai tari ya taso daga cikin gida, tarin mace, mai zurfi, irin wanda ake toshewa da bakin zane. Tsohon ya kawar da kai.

Malam Ɗayyabu ya ce, "Baba, robobin nan da ka kawo, wa ya cika su?"

Tsohon ya daɗe yana tauna. "Ɗana, Sadiya matar ɗana ce fa. Ko sunana ba ta faɗa. Ko ruwa ba ta sha a gabana. Bilya yana Zariya wajen aiki. Ni in tsaya in ce mata yi kaki ki miƙo mini? Da wane bakin? In kuma na karɓi na saura na tsallake nata, sai a ce wani abu ne."

"Sai ka yi duka."

"Na ce ai tukunya ɗaya muke ci, abin da ke jikina shi ke jikinsu. Wallahi kafin in kai ta bakwai maƙogwarona har zafi yake yi."

Hajo ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Ka yi aikin mutum bakwai ba ko sannu." Tsohon da kansa sai da ya dara.

Malam Ɗayyabu bai yi masa faɗa ba, bai kunyata shi ba. Cewa ya yi, "Kunyarku daidai ce, Baba, mu ne ba mu yi tunani ba. Ka ba Hajo izini ta shiga."

Hajo ta shiga da sababbin robobi. Ta ce mini ta samu Sadiya ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta, wata uku tana tari tana ɓoyewa, jaririya a cinya.

Kafin azahar Malam Ɗayyabu ya koma asibiti ya shafa kakin Sadiya a gilashi, ya rina, ya ɗora a madubi. Ya kira Dakta Farida ta leƙa da idonta. Ga su nan, ƙwayoyin tibi, 'yan jajayen sanduna birjik a kan shuɗi. Na'ura ma da aka ba ta kakin gaskiya ta ce akwai. A ranar aka fara wa Sadiya maganin wata shida, aka ba jaririyar na kariya.

Dakta Farida ba ta tura rahoto ranar Juma'a ba. Ta kira shugabanninta ta sha faɗa, sannan ta sa aka koma duk gidajen da aka rufe. A ƙauyukan Gubuchi da Taba aka samu gida goma sha ɗaya da maigida ya yi irin ta Baba Tanko, aka kuma gano wasu mata huɗu masu cutar. Daga ranar aka sauya tsari: mace ke karɓar na mata, hannu da hannu. Da binciken ya fito a mujallar likitoci, sunan Malam Ɗayyabu na can ƙasa cikin ƙananan haruffa, a wajen godiya. Ya karanta, ya ce madalla, ya jefa a durowa.

Malam Ɗayyabu, kai ne ka duba abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi. Kai ne ka san cewa bayan kowace roba akwai gida, akwai suruki da suruka, akwai abin da baki ba ya iya faɗa. Na'ura ta iya aikinta, amma ba ta san Gubuchi ba. Mai ido a taga, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarsa, da masu zuwa bincike ƙauyukanmu da motoci da na'urori, kafin ku sa hannu a takarda, ku ɗaga robar ku duba. Ku tambayi wa ya kawo, wa ya bayar.

Makon jiya Sadiya ta zo asibitin, ta yi ƙiba, 'yarta na gudu a gabanta. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ta ajiye masa mazarƙwaila da wani ƙunshi a ganye, ta ce saƙon Baba ne. Ya kwance, sai ga goro bakwai, jajaye.

Hajo ta leƙo ta ce, "Malam, me ka gani?"

Ya ɗaga ɗaya wajen taga, ya juya shi, ya ce, "Wannan karon bai tauna ba."