Takardar Sulhun Hannuna

Har yau idan na bi ta layin masu niƙa a kasuwar Zuru na ji ƙarar bel, sai in tsallaka wancan gefen. Bel ɗin injin casar shinkafa ne ya kama mini hannun dama. Ni ɗinkin bakin buhu aka ɗauke ni yi, amma ranar mai zuba shinkafar bai zo ba, aka ce in matsa kusa in taimaka.

Baba tsohon soja ne, kuma a gidanmu karaya ba ta asibiti ba ce. Ya ɗora ni a babur sai Mahuta, wurin mai ɗorin da ya taɓa gyara masa ƙafa. Mutumin ya ja, ya shafa magani, ya ɗaure da karare. Muka ba shi kaza da abin da ya sawwaƙa. Mai ɗori ba ya ba da rasit, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan sati uku Alhajin da ke da injin ya zo gida da dattijai biyu, da buhun shinkafa, da ambulan. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro. A irin wannan zama manya ke magana, yarinya tana gefe kanta a sunkuye. Aka yi jaje, Baba ya ce ƙaddara ce, ba ma riƙe kowa a zuci. Sai Alhaji ya fito da takarda ya ce ɗan sa hannu ne kawai.

Baba ya miƙo mini, don tabaransa ya karye. Na karanta sau biyu. Rabin albashi na wata uku. Kuɗin magani sai wanda ke da rasit na asibiti. Layin ƙarshe kuma ya ce daga ranar magana ta ƙare, ko da hannun ya ƙara lalacewa. A lokacin yatsuna uku ba sa lanƙwasuwa, ko cokali ba na iya riƙewa.

Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, ba zan sa hannu yau ba.”

Ɗaya daga cikin dattijan ya yi dariya. “Ofisa, ashe lauya ka haifa ba ka faɗa mana ba.”

Alhaji ya ce, “Ɗiyata, ba ki yarda da ni ba ne?”

“Na yarda da kai. Hannun ne ban san halin da yake ciki ba. A bari likita ya gani tukuna.”

Baba ya daɗe yana kallon yatsuna. Na san kunya yake ji, an zo har gida da mutunci. Can ya tura ambulan ɗin gaban Alhaji, ya ce a ajiye masa, shinkafar kuwa mun karɓa mun gode.

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙashin ya haɗe a karkace, sai an yi aiki a Sakkwato. Likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai ce da a ranar aka kawo ni, da rahotonsa ya fi ƙarfi wurin neman diyya.

Zama biyu aka ƙara yi da Alhaji. Ban samu duk abin da nake so ba. Kuɗin mai ɗori an ce babu shi a lissafi, rabin albashin ma bai wuce wata ukun ba. Wani ma'aikacin asibiti ya ce mini da wurin aikinmu ya yi mana rajistar diyyar ma'aikata da abin ya bambanta, amma mu 'yan aikin kullum ne, babu sunanmu a ko'ina. Sai dai an rubuta aikin Sakkwato a sabuwar takardar, da kuɗin mota, da gashin ƙashi na bayan aiki, kuma maganar ba za ta rufu ba sai likita ya sallame ni. Ni na faɗi yadda za a rubuta wannan layin. Na sa hannu da hagu.

An yi aikin. Yatsu biyu sun dawo, ƙaramin ya ƙi. Da su nake wannan rubutun, a hankali, ina hutawa bayan kowane layi huɗu ko biyar.